Kiɗan da Baƙuwar Brazil Ta Zo Nema a Ingal

Ana sallame sallar asuba muka ɗauki hanyar Ingal daga Agadas, ni da shofer da wata baƙuwa mawaƙiya 'yar ƙasar Brazil. Aikina tafinta, sai dai Faransancinta gurgu ne, nawa ma da sanda yake tafiya, don haka rabin hirarmu da hannu muka yi ta.

Kafin tafiyar nan na zaga da ita gari kaf. Na kai ta wajen samari masu gita, ta saurara ta girgiza kai. Na kai ta wajen masu algaita, nan ma haka. Kullum sai ta riƙa buga wani kiɗa a ƙirjinta da tafin hannu, dum-dum-ta, dum-dum-ta, tana kallona kamar ni na ɓoye shi. Da na rasa yadda zan yi, wani ya ce mu gwada Ingal.

Hanya dai kun san ta. Inda gudron, wato kwalta, ya rage, ramuka sun fi shi yawa, esansi kuwa, man motar, a buteli muka saya kwalba-kwalba da tsadar da ta sa shofer yin tsaki har muka wuce bariya, shingen jandarma. Mun karya da cuku da dabino. Ta ciji cukun nan ta dube ni, na ce mata haƙuri ake yi da shi, ba haƙori ba.

A cikin wannan jijjigar ta ba ni labarin yarintarta. Ubanta mai gita ne, uwarta mawaƙiya, kawunnanta makaɗa. Ran Lahadi kowa ya hallara a kicin, wanda bai samu ganga ba ya ɗauki faranti da wuƙa ya kankara. Ta ce in ta yi laifi ba a dukanta, sai a hana ta waƙa yini guda. Nan kaina ya ɗaure, don mu a gidanmu wanda ya yi waƙar ne ke shan bulala. Kakarta ce ke buga mata dum-dum-ta ɗin nan a ƙirji in za ta yi barci, tana cewa kakanninsu ne suka ƙetaro teku da shi daga ƙasar Hausa, amma ba wanda ya san da wane abin kiɗa ake yin sa. Bara uwarta ta rasu, ita kaɗai ta rage da ta san shi, kuma tun ranar muryarta ta ƙi fita. Na ji tausayinta ƙwarai, na kuma ji tsoron kada in mayar da ita hannu rabbana.

A Ingal mun sauka gidan wani abokina mai sayar da gishiri. Ya kira mata masu tende, wato turmin da Buzaye ke rufe wa baki da fata su kaɗa. Tana ganinsa ta zabura, ta shafa shi, ta ce ya yi kusa amma a cire fatar. Na fassara. Mai tenden ta ce, "Malam, tambaye ta, in an cire mi za a buga? Iska?"

Da la'asar muna zaure ana shayi, sai ta miƙe tsaye tana nuna cikin gida. Na ce ta zauna, kofi na biyu ma ba a zuba ba, baƙo ba ya tashi a tsakiyar shayi. Ta zauna kamar a kan ƙaya. Ta sake miƙewa. Abokina ya raɗa mini, "Kai ma dai! Bayan gida take so." Aka miƙa mata buta. Ta karɓa, ta dube ta, ta dube mu, ta dire ta, ta faɗa cikin gida ko sallama babu.

Mu maza ba mu da ikon bin ta. Muka zauna a waje. Sai a lokacin kunnena ya kama abin da yake ji tun ɗazu: matan gidan na lugude, taɓare na faɗawa turmi ɗaya bi da bi, ana tafi a tsakani. Dum-dum-ta. Daka ya tsaya, aka fashe da dariya, ya ci gaba. Can sai wata murya ta taso a kansa, da fari tana rawa, daga baya ta miƙe, cikin harshen da babu mai ji a garin. Shayinmu ya huce a hannu.

Da ta fito, tafin hannunta ya yi ja, idonta ma haka. Tsohuwar gidan ta rako ta, na ba tsohuwar labarin kakar baƙuwar. Ta ce, "To ai ba kiɗa ba ne, ɗana, abincin dare ne. Wanda aka goya ana daka, a ƙirji yake jin shi. Wata dai cikin kakanninta an goya ta a nan."

Washegari muka juyo, tana ta rera waƙa har Agadas, shofer ya kashe rediyo da kansa. Abin da na koyo shi ne, na yi ta kai baƙuwa ƙofar makaɗa, alhali karamcinmu ne ya kusa hana ta abin da ta zo nema.

Ina isa gida na zauna cire takalmi inda na saba, a kan turmin marigayiya innata da aka kife tun da mashin ɗin niƙa ya shigo unguwa. Na tashi na juya shi, na ce wa uwargida ko za a koma daka, don jikarmu ta ji. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Ga taɓarya can, ga zanen goyo. Bismillah."