Kalmar Sirrin Yallaɓai

Ni na buga dokar da ta cinye ni. Da hannuna na buga ta, na kai aka lulluɓe ta da roba, na dawo na manna ta a bango daidai saman kwamfutata. Dokar amfani da kwamfutocin jami'a ce da intanet ɗinta. Ba a sauke fim, ba a kallon banza, ba a kasuwanci, ba a zagin kowa. Sai babbar cikinsu, wadda aka ce in yi mata manyan baƙaƙe: kada kowa ya ba wani kalmar sirrinsa, kada kowa ya shiga shafin wani. Ranar da na manna ta, shugaban sashenmu, Yallaɓai, ya tsaya ya karanta ta tsaf, hannuwa a baya, ya gyaɗa kai ya ce aiki ya yi kyau. Sannan ya juyo ya ce in buɗe shafinsa in duba masa ko an turo saƙo daga sama.

Na buɗe mana. Ai ni na san kalmar, shi bai taɓa saninta ba.

Sakatariyar sashen ce ni a lokacin. 'Yar soja ce ni, a bariki na tashi, sai da babanmu ya yi ritaya muka dawo Zuru ya koma gonarsa. Mijina ya rasu ya bar ni da 'ya ɗaya, kuma tun daga ranar ba ni da wani buri a duniya da ya wuce in ga yarinyar nan ta gama karatu. Da ta samu gurbi a jami'ar, a sashen da nake aiki ma, sai da na yi rawa a coci har zanina ya nemi kwancewa. Kullum tare muke hawa kabu-kabu ɗaya da safe, ita a tsakiya, ni a baya ina riƙe da kwanon abincinmu.

Wanda bai yi aikin ofis a wajenmu ba ba zai gane yadda abin yake ba. Babban mutum ba ya ɗaukar jakarsa. Ba ya buɗe wa kansa ƙofar mota. Da kwamfuta ta zo, sai manya suka ɗauke ta kamar wata jakar, suka miƙa wa na ƙasa ya riƙe. Ranar da aka buɗe wa Yallaɓai shafinsa, inda ake shigar da makin ɗalibai, na tambaye shi kalmar da zan sa. Yana waya, ko kallona bai yi ba, ya ce, “Sa abin da kinka ga dama, ɗiyata, ke za ki riƙa shiga.” Da shafin ya nemi lambar waya, wadda za a riƙa turo wa lambobin tabbatarwa idan an shiga daga wata sabuwar kwamfuta, ya ce kiran da ke damunsa ma ya ishe shi, in sa tawa. Na sa tawa.

Kuma ba mu kaɗai ba ne. Duk sakatarorin da muke cin abincin rana tare a gindin darbejiya, kowacce tana yawo da kalmar sirrin oganta a ka. Har dariya muke yi a kai. Wata ta ce nata sunan amaryarsa ya sa, wata ta ce nata lambar motarsa ce, in ya sauya mota sai an sauya kalma. Dokar tana manne a bangon kowane ofis, mu kuma muna ƙarƙashinta muna karya ta da umarnin waɗanda suka sa mata hannu. Babu wadda ta taɓa ganin abin a matsayin laifi. Aiki ne kawai, kamar kai wa oga shayi.

Wata rana bayan an gama shigar da sakamakon jarrabawa, Yallaɓai ya dawo daga sallar azahar ya tsaya a bakin ƙofata. Bai shigo ba. Ya faɗa mini lambar wani ɗalibi, ya ce an yi kuskure wajen haɗa makinsa, in ɗaga shi ya haye. Gyaran maki ba baƙon abu ba ne, malamai suna kuskuren lissafi kamar kowa. Amma akan kawo takardar jarrabawar in gani, don haka na ce, “Ranka shi daɗe, ina takardar?”

“Ni na duba ta da kaina. Ko kin daina yarda da ni?”

Na gyara. Ya ce Allah shi yi albarka, ya wuce.

Ashe babu wani kuskure. Yaron ya faɗi ne warwas, ubansa kuma mutum ne da ake tashi tsaye in ya shigo wuri. Malamin da ya koyar da darasin, wani matashi da bai daɗe da zuwa ba, ya ga makin da bai bayar ba, ya rubuta ƙorafi. Ban taɓa jin haushinsa ba, gaskiyarsa ce. Ma'aikatan sashen kwamfuta suka bi sawu. Kwamfuta ba ta san wanda ya tsaya a bakin ƙofa ba. Abin da ta sani shi ne an shiga shafin shugaban sashe, daga na'urar da ke kan teburina, aka taɓa maki. Aka ba ni takardar tuhuma, aka kafa kwamiti.

Ana gobe zan shiga gaban kwamitin Yallaɓai ya kira ni ofishinsa. Ya ce in zauna, abin da bai taɓa cewa ba. Ya ce in kwantar da hankalina, irin wannan iska ce mai wucewa. Sannan ya cire tabarau yana gogewa da bakin babbar rigarsa, ya ce, “Ɗiyar nan taki ta shiga ajin ƙarshe ko? Yarinya mai ƙoƙari. Na ce a sa ta cikin waɗanda zan duba ma aikin kammalawa, don in kula da ita da kaina.”

Na fahimta. Ba yarinya ba ce ni. Aikin kammalawa sai malamin da ke duba shi ya sa hannu ɗalibi ke fita, in bai sa ba kuwa, sai ka tsufa a makaranta. Na yi godiya na fito.

Ba zan manta ɗakin kwamitin ba. Manya ne zaune a jere, kuma babu ko ɗaya cikinsu da ban san wadda ke riƙe masa kalmar sirri ba. A gefe ga ƙawata, wadda muke cin abinci a gindin darbejiya, tana buga abin da ake faɗa, a kwamfutar shugaban kwamitin, cikin shafinsa. Ba ta ɗaga kai ta kalle ni ba har aka tashi.

Aka tambayi Yallaɓai. Ya ce shi bai taɓa ba kowa kalmarsa ba, ya san doka, shi ma ya sa a manna ta. Ya ce ya riƙe ni kamar 'yar cikinsa, bai san ta inda na samu ba. Muryarsa har tana rawa. Wallahi da ban san zancen ba, da ni ma na tausaya masa.

Na ce shi ya ce in sa masa ita, tun ranar farko. Suka ce ina shaida. Sai na tuna da wayata. Na ce su duba, lambata ce a jikin shafin, ni ake turo wa lambobin tabbatarwa. A zatona na kawo abin da zai wanke ni. Ɗaya daga cikinsu ya jingina da kujera ya ce, “Au, har lambar wayarki kinka sa ma shafin shugaban sashe? To ai abin ya fi yadda munka zata.” Na ji ƙarar madannai, ƙawata tana bugawa.

Sannan shugaban kwamitin ya yi tambayar da nake tsoro. Wa ya ce in sauya makin? Na kalli Yallaɓai. Ya sake cire tabarau yana gogewa. Ta taga ina hango ɗalibai suna wucewa da littattafai a ƙirji, na san tawa tana cikin irinsu. Gaskiyar tana bakina, na ji ɗacinta a harshe. Na haɗiye ta na ce babu kowa, hannuna ne ya kuskure.

Ba su yarda kuskure ne ba, ba su kuma damu ba. Dokar bango ta ishe su. Shiga shafin wani ba da izini ba, shi ke nan. Aka sallame ni. Shi kuma aka shawarce shi, a cikin ladabi, da ya ƙara kula da tsaron shafinsa.

Zuru ba babban gari ba ne. Kafin in isa gida labarin ya riga ni, kuma ya yi ƙiba a hanya. A kasuwa mai sayar mini da daddawa ta tambaye ni cikin raɗa ko gaskiya ne maki nake sayarwa. A zumuntar mata ta coci aka sa ni cikin addu'a da babbar murya, irin addu'ar da ta fi zagi ciwo. 'Yata ta ce za ta je ta tona komai, na ce in ta buɗe baki ban yafe mata nonona ba. Babanmu kuwa yana zaune yana gyara ƙotar fartanya na gaya masa. Ya ce, “Umarni aka ba ki?” Na ce eh. Ya ce, “A rubuce?” Na ce a'a. Ya ci gaba da sassaƙarsa. Tsohon soja ne, ya san inda irin wannan umarni yake faɗawa.

Haushi na ji, kuma har yau ina ji. Ba na ɓoyewa. Mutane suna son a ce an yafe an manta, don su samu su yi barci. Ni ban manta ba. Ba rashin aikin ne ya fi ci mini rai ba. Abin da ya fi ƙona ni shi ne duk wanda ke ɗakin nan ya san gaskiya, ya kuma san na san ya sani, amma muka zauna muna wasan kwaikwayo a ƙarƙashin takardar da na lulluɓe da roba.

Wani ɗan kasuwa mutumin kudu, mai shagon hoton takardu a bakin kasuwa, shi ya ɗauke ni buga rubutu. Bai tambaye ni komai ba, ya ce shi dai ya ji hannuna yana da sauri. A nan nake wuni. Ɗaliban jami'ar suna zuwa in yi musu rajistar darussa, kowanne ya sunkuyo ya faɗa mini kalmar sirrinsa a kunne, wasu ma daga bakin ƙofa suke ɗaga murya don suna sauri. Nakan ce musu an hana fa. Sai su yi dariya su ce, “Haba Mama, wa ke bin wannan?”

Ana cikin haka damina ta faɗi. 'Yata ta gama aikinta na kammalawa, ta kai wa Yallaɓai, yana kan teburinsa yana jiran sa hannu. Kullum ta je sai a ce ta dawo gobe. Wata ranar kasuwa da hantsi, shago cike, ina buga wa wani mutumin Ribah takardar haya, sai wayata ta yi ƙara. Saƙo ne, lambobi a jere, da gargaɗi a ƙasa cewa kada a faɗa wa kowa. Na tsaya ina kallonsu. Ashe an sauya wa Yallaɓai kalmar sirri, an sauya masa sakatariya, amma duk binciken nan da aka yi babu wanda ya tuna ya cire lambata. Ba a daɗe ba kira ya shigo. Mai shago ya ce, “Madam, wayanka yana kuka, ka ɗauka mana.”

Na fita bayan shago na ɗauka. Muryar Yallaɓai ce.

“Ɗiyata, kwana da yawa. Ya haƙuri?” Kamar jiya muka rabu lafiya. Ya ce an kawo musu sabuwar kwamfuta, yarinyar da ke ofis ta so ta shiga shafinsa, an ce an tura wasu lambobi. “Ina jin wurinki sunka taho. Karanto min su.”

Na daɗe ina shirya abin da zan gaya wa mutumin nan in Allah ya haɗa mu. Sai ga shi ya fito da kansa. Na ce, “Ranka shi daɗe, ai doka ta hana. Kai ka sa na manna ta. Kuma a gaban kwamiti ka ce ba ka san ni da shafinka ba.”

Ya yi shiru. Na ji daɗin shirun nan, ba zan yi ƙarya ba. Na ji shi har cikin ƙashina.

Sai ya yi 'yar dariya ya ce, “Hakanan ne. Af, kin ma tuna min. Ga aikin ɗiyarki nan gabana. Ina ta son in zauna in duba shi, to abubuwa sun yi yawa. Ban sani ba ko zan samu lokaci kafin a rufe na bana.”

Ruwa yana ɗiga daga bakin kwanon rufi yana jiƙa mini kafaɗa, ban matsa ba. Na sauke wayar daga kunne na buɗe saƙon. Na karanta masa lambobin ɗaya bayan ɗaya, a hankali, yadda ba zai yi kuskure ba. Na ji yana maimaita wa wata a gefensa, na ji ƙarar madannai.

Ya ce, “Sake faɗin ta ƙarshen, yarinyar ba ta ji ba.”

Na sake faɗa.