Tagar Inna ta karkace

Kofin shayin Inna na ga yana tafiya da kansa, sannu a hankali, ya nufi bakin taga.

Gidanmu na unguwar Tandabawi a Makka tsoho ne. A bene akwai roshan, tagar katakon nan mai leƙowa saman lungu. Babu ƙusa ko ɗaya a jikinta, katako ne ya ciji katako, gungume biyu suka tokare ta daga ƙasa. Ashe mai saka mana mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, ya yanke guda don bututunsa ya wuce, ban sani ba.

A cikin tagar mahaifiyata take zama kullum bayan la'asar, ranar ma tana ciki.

Na ji katakon ya yi ƙara. Na ɗaga ƙafa zan shiga in ɗauko ta.

"Kada ka tako, ya waladi," in ji ta. "Ni kaɗai take iya ɗauka yanzu."

"Inna, kin sani?"

"Tun ranar da aka yanke nake jin ta tana motsi. Na san in na faɗa za ku toshe ta. To daga ina zan riƙa hango hasumiyar Harami?"

Rarrafowa ta yi, ni ina kwance rub da ciki, na kamo hannunta.

Yau kafinta ya kafa sabon gungume. Ta riga ta ce a mayar mata da dardumarta.

Jama'a, in ku ne, za ku bar ta ta koma?