Dami Ɗaya Tsakanin Madubai

Wata Laraba da hantsi, a shekarar da ruwa ya ɗauke tun gero bai fid da kai ba, Baffa Sale ya tsayar da ni a tsakar gida da madubi a hannu, ya ce in cilla hasken rana cikin ɗakin da muke ajiye hatsi. Ƙanin mahaifina ne, mai ɗaukar hoto a Bici. Sana'ar ta mutu ya dawo ƙauye, don wa zai tsaya a ɗauke shi ƙasusuwan wuya a waje? Sai ya koma jera ƙwarya da ludayi yana haska su yana ɗauka, har mutane suka fara cewa ya taɓu.

Lokacin Kaka ta daina cin abinci. In mun dawo daga tsinkar tafasa aka kwaɗanta, sai ta turo mana nata ta ce, "Na ci rabona tun ba a haife ku ba." Kullum ƙara ramewa take, Baffa kuwa ya rantse sai ta ci.

Damin gero ɗaya ya rage mana. Ya kafa shi tsakanin manyan madubansa biyu suna kallon juna. Da haskena ya faɗa ɗakin na leƙa, sai ga dammuna jere sun miƙe cikin bango, ba iyaka. Na san dabara ce, amma yawuna ya tsinke.

Ya riƙo Kaka har bakin ƙofa. "Inna, dubi abin da muka ɓoye. Ki ci, akwai."

Ta shiga, ta miƙa hannu za ta taɓa. Nan take tsofaffi suka cika bangon, kowacce a rame, kowacce da hannu a miƙe. Baffa ya danna kyamara. Kaka ta daɗe tana kallonsu, sannan ta ce a hankali, "Geron da yawa, Sale. To, wa zai ci da waɗannan bayin Allah duka?"

Ba ta ci ba. Ba ta ga tumun sabuwar damina ba.

Yau gonar tamu ta zama gidaje, jikokina kuwa sai sun ɗauki hoton abinci a waya kafin su ci. Hoton da Baffa ya ɗauka ranar yana wurina, kuma ina kewar Kaka duk sanda na ɗauko shi. Har yau hannunta bai kai ga damin ba.