Ɗaya Mai Hula, Bakwai Mai Ɗamara

A watan Oktoba na shekarar 1978 Idwal Prydderch ya fara haɗuwa da Douwe Terpstra, kuma ba haɗuwar daɗi ba ce. Idwal yana da shekara ashirin da uku, wata huɗu ke nan da ɗaukarsa aikin raba wasiƙu a garinmu Pontwen, aikin gwaji, an ba shi jan keke da jaka da wata hula da ta yi masa yawa. Douwe kuwa mutumin Holan ne. Ya zo Wales yawon mako biyu, ya yi ido huɗu da Nesta 'yar mai gidan burodi, hanyar gida ta ɓace masa. A rumfar bayan gidansu yana da tsohon injin buga littafi na hannu, yana jera haruffan dalma ɗaya bayan ɗaya kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. A shekarar nan ya gama wani littafi na tsuntsayen bakin kogi. Kwafi casa'in ya buga, ba ƙari ko ɗaya, kowanne ya rubuta masa lambarsa da alƙalami a shafin ƙarshe.

Ɗaya daga cikinsu na likitan gari ne, mai zama a gida na 11, Titin Majami'a. Douwe ya naɗe shi a takardar ƙunshi, ya rubuta adireshi, ya kai gidan waya. Idwal ya dubi rubutun, ya karanta 77. Ya taka keke har ƙarshen titi, wajen gada, ya ajiye ƙunshin a ƙofar wani gida da ya shekara biyu babu kowa a ciki. Kwana uku ana ruwa. Da aka gano littafin, ya kumbura kamar burodin da aka manta a kwano.

Likita ya kai ƙara. Shugaban gidan waya ya kira Idwal ofis, takardar sallama tana kan tebur. Menna matar Idwal kuwa cikinta wata bakwai. Ana cikin haka sai ga Douwe ya faɗo, hannunsa duk tawada.

"Yallaɓai, yaron nan ba shi da laifi," in ji shi. "Rubutuna ne. A ƙasarmu ɗaya tana sa hula, bakwai tana ɗaura ɗamara. Ku a nan kun bar su tsirara. To ya ga mai hula ya ɗauka bakwai ce, ina laifinsa?"

Ya ja takardar sallamar, ya juya bayanta, ya zana ɗaya irin tasu, mai dogon baki da ya sauko gefe kamar rabin jinka. Ya zana bakwai, ya ratsa mata layi a ƙugu. Shugaba ya duba, ya yi tsaki, ya mayar da takardar aljihun tebur.

A waje Douwe ya miƙa wa Idwal kumburarren littafin, har da takardar ƙunshinsa.

"Riƙe, ɗan samari. Lamba goma sha bakwai ce. Ga ɗayata ga bakwai ɗina, kafaɗa da kafaɗa. Ka riƙa gaishe su kafin ka hau keke."

Shi kuwa likita, Douwe ya kai masa nasa kwafin, wanda ya ajiye don kansa. Daga ranar bai sake ta da maganar ba, ko da wasa.

Shekara arba'in da ɗaya Idwal ya yi yana raba wasiƙu. Mu a nan sunan sana'a muke liƙa wa mutum, saboda haka shi ne Idwal Wasiƙa, wancan kuwa Douwe Tawada. Ya san sunan kowane kare a garin da irin biskit ɗin da zai rufe masa baki. Ya san gwauruwar da za a ƙwanƙwasa wa ƙofa ko babu wasiƙa, don a ji ko ta kwana lafiya. Ran Lahadi yana jan murya a sahun baya na mawaƙan majami'a, kullum yana riga kowa shiga baiti. Douwe ya rasu a 2016, Idwal yana cikin masu ɗaukar akwatinsa. Da ya yi ritaya a 2019, mutanen gari suka ba shi agogon bango, aka zana a jikinsa: Bai taɓa ɓatar da wasiƙa ba. Likita da tsohon shugaba sun daɗe da rasuwa, babu mai musu. Idwal ya karɓa yana kallon takalminsa.

Wata uku da ritaya Menna ta gaji da shi.

"Tsoho, ko ka samo abin yi ko in samo maka. Jiya ka jera mini kwalaben yaji bisa haruffa. Wa ya aike ka?"

Ta tura shi ajin koyon kwamfuta a laburaren gari. A can ya ci karo da shafin da masu tara littattafai suke kira Rajista. Duk littafin da aka buga kaɗan aka sa wa lamba, yana da jerinsa a shafin: layi ɗaya ga kowace lamba. Mai kwafi yakan shiga ya rubuta lambarsa, garinsa, da halin da littafin yake ciki, ko bango ya koɗe, ko shafi ya yi tabo. Mai son saye ya jera biyu ko uku ya gwada su. In kuwa mutum biyu suka rubuta lamba guda, sai layin ya yi ja.

Idwal bai taɓa sayen ko ɗaya ba. Shi dai bin sawu yake yi. Kowace safiya bayan shayi ya buɗe jerin littafin tsuntsaye ya ga wanda ya motsa: lamba 40 ta bar Leeds ta koma Oslo, lamba 63 tana hannun wata malamar asibiti a Cork. Hali zanen dutse. So yake ya tabbata kowane saƙo ya isa hannun mutum. Layi na 17 ne kawai bai cike ba. Shi wannan yana ƙasan akwatin barguna.

A ƙarshen 2023 kwamitin laburare ya yanke shawarar ware ɗaki guda don tunawa da Douwe, a sa injinsa da littattafansa. Nesta matar marigayin, mai shekara saba'in da tara, ta sayi sabuwar riga tun ba a sa rana ba. Sai ga layi uku sun yi ja a Rajista: 72 mutum biyu, 74 mutum biyu, 77 mutum biyu. Wani dillalin littattafai na birnin Bath, Crispin Allardyce, ya rubuta a ƙasan jerin cewa abin a bayyane yake: marigayin ya ce casa'in ya buga, amma ya ƙara wasu a ɓoye ya maimaita musu lamba. A wajen masu tara littafi babu zagin da ya fi wannan. Magana ta kai kunnen shugaban kwamiti, ya ce a dakata, za a zauna nan da mako uku a ga ko ɗakin ya cancanta.

"Nesta ba ta zo shayin mata ba yau," in ji Menna, tana cire gyale. "Karo na biyu ke nan. Na leƙa ta, ta mayar da rigar cikin kwalinta. Cewa ta yi wai mijinta ya zama ɓarawo bayan ya mutu."

Idwal ya ɗora tabarau ya buɗe jerin. Bai dubi layukan da suka yi ja ba, sama ya hau. Layi na 11 babu kowa. Na 12 babu kowa. Na 14 ma haka. Ya cire tabarau ya yi dariya har da tari.

"Menna, zo ki ga 'yan'uwana! Mutum uku sun kai ƙunshi gidan da babu kowa: sun ga ɗaya mai hula sun karanta bakwai."

Ya rubuta wa mutum shidan nan, cikin ladabi, yana roƙon hoton lambar. A shafin, sunan da ya sa wa kansa shi ne Jan Keke.

"Kai da ɓoye suna," in ji Menna. "Duk lardin nan wa ya yi shekara arba'in a kan jan keke? Da ka sa hotonka ma mun huta."

Mako biyu suka wuce, mutum biyu kawai suka amsa, kuma duka lambobin nasu masu hula ne. Idwal ya yi bayanin hula da ɗamara a shafin. Crispin ya amsa cikin awa guda: labari mai daɗi, amma shi bakwai yake gani a hotunan, bakwai mai ɗan karkata. In Jan Keke yana da wurin da marigayin ya rubuta ɗaya da bakwai tare, da hannunsa, a cikin wannan littafi, to ya kawo. In babu, ya koma ga kekensa.

Saura kwana huɗu kwamiti ya zauna. Idwal ya zauna a kicin, shayinsa ya huce, yana kallon agogon bango.

"Kana da shi ai," in ji Menna.

"Ina da shi."

"To?"

"Za a tambayi abin da ya kumbura shi. Ga takardar ƙunshin, ga hatimin Oktoba 1978. Kowa ya san wanda yake raba wasiƙun Titin Majami'a a shekarar nan. Kin ga abin da aka rubuta a agogon can?"

"Na gani. Ni nake goge shi kowace Asabar. Agogon da yake latti minti shida, shi ma ba gaskiya yake faɗa ba." Ta ɗauke kofin gabansa. "Mutumin nan ya ɗauki laifinka ya aza a kansa ina da cikin ɗanmu Rhodri. Ko kyandir ba ka taɓa kai masa ba."

"Na ɗauki akwatinsa."

"Ku shida kuka ɗauka, maigida. Wannan kai kaɗai ne."

Ya hau sama, ya ɗaga barguna. Littafin yana nan, shafukansa sun manne sun yi tudu da kwari, tsuntsayen sun yi kamar an gan su ta gilashin da ruwa ya jiƙa. Amma shafin ƙarshe ya tsira. Tawadar Douwe mai kyau ce: ga ɗaya da hularta, ga bakwai da ɗamararta. Ya kai shi bakin taga ya ɗauki hoto, na farko yatsansa ya fito, na biyu ma haka, na uku ya yi. Ya ɗauki hoton adireshin da ke jikin takardar ƙunshin, inda 11 take tsaye da huluna biyu. Sannan ya cike layi na 17. A gurbin halin littafi ya rubuta: Ruwa ya ci shi, kwana uku a ƙofar gida na 77. Laifin mai rabon wasiƙa ne, ba na mai bugu ba.

Washegari wata mata a Aberdeen ta sake duba nata ta mayar da shi 14. Kafin la'asar mai 72 na biyu ya koma 12. Wani a Kanada da bai taɓa amsa wasiƙa ba ya aiko hoton tasa 77 ta gaskiya, ɗamara biyu reras, sai ɗaya mai 77 ɗin ya sauka zuwa 11 yana ba da haƙuri. Ja ya gushe daga jerin. Crispin ya rubuta layi guda, wai dama shi tambaya kawai ya yi. Borin kunya ke nan, aka bar shi da shi.

Kwamiti ya zauna ran Alhamis, bai yi minti goma a kan maganar ba. A safiyar ranar, kafin a buɗe laburare, wani ya zura ƙunshi ta ramin da ake mayar da littattafan aro. Babu suna a jiki.

An buɗe ɗakin ran 13 ga Afrilu, 2024. Injin yana tsakiya, an goge shi yana ƙyalli. A cikin akwatin gilashi, kusa da kyawawan littattafai, ga kumburarren nan a buɗe a shafin ƙarshe, takardar ƙunshi a gefensa, an rubuta cewa kyauta ce daga wanda bai faɗi sunansa ba. Idwal ya tsaya can baya wajen teburin shayi, inda ya saba tsayawa a kowane taro.

Nesta ta daɗe a gaban gilashin cikin sabuwar rigarta. Daga nan ta tako da sandarta har wurin teburin.

"Ka san wani abu, Idwal? Shekara da shekaru ina tambayar Douwe ina kwafinmu na tsuntsaye ya shiga. Kullum sai ya ce mini wai ya ba ruwan sama aro."

"Haka ya ce?"

"Haka ya ce. Ashe ruwan saman yana da amana."

Shugaban kwamiti ya matso da kofinsa a hannu, yana jira a zuba masa. Nesta ta ɗauki butar shayi ta wuce shi, ta cika kofin Idwal tukuna, ta yanka masa burodin zabibi mai kauri.

"Gyara hularka," in ji ta. "Ta karkace."