Yaya Zinariya Mai Surfani da Dajin Wafa

Na Allah muke, kuma gare Shi muke komawa. Ranar Talata 9 ga Safar 1428, wato 27 ga Fabrairu 2007, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Hajiya Zinariya Usmanu a gidanta da ke unguwar Aziziya a nan Madina, bayan jinyar shanyewar ɓarin jiki. An sallace ta a Harami bayan la'asar, aka kai ta Baƙi'a. Ta bar mijinta Malam Barau, da 'ya'ya biyu, Umair da Sundus, da jikoki.

Yaya Zinariya, ni ce Hannatu, maƙwabciyarki ta hawan sama. Na san ba kya son yabo, kin sha katse ni idan na fara. Wannan karon zan faɗa har ƙarshe.

A shekarar 1993 muka zo Madina daga Zariya. Maigidana injiniya ne a filin jirgin sama, ni kuma ina aiki a ɗakin magani na wani asibiti. Ban san kowa a garin ba. Wata rana ina yi wa 'yata Wafa faɗa a kan bene da Hausa, sai ƙofar ƙasa ta buɗe, kika leƙo da tabarau a kan hanci da zare a baki. Kika ce, "Ke 'yar ina ce?" Na ce Zazzau. Kika ce kakanki daga Damagaram ya taso da ƙafa, ya bi ta Sudan, ke kuma nan aka haife ki, ba ki taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Hausarki ta tsofaffi ce, da Larabci tsamo-tsamo a ciki. Tun ranar kika hana ni kiranki Hajiya. Kika ce Madina cike take da hajiyoyi, yaya ce ba ni da ita.

Sana'arki surfani. Rigunan matasan kai, zannuwan gadon amare, hannun riga, duk da allura da zare kike ƙawata su. Wurin mahaifinki kika fara koyo, shi mai aikin wuyan babbar riga ne da hula, sannan kika ƙara da na matan Hijaz da kuka taso tare. Furanni kike yi da rassa da taurari. Ba ki taɓa ɗinka fuskar mai rai ba.

A 1996, Wafa tana da shekara tara, muka lura tana karo da kaya da zarar rana ta faɗi. Aka tura mu Riyad. Likita ya ce ciwo ne a can cikin ido wanda ke cin gani a hankali, daga gefe zuwa tsakiya, kuma ba su da maganinsa. Ni mai ba mutane magani ce, na fahimci maganarsa sarai. Da muka dawo na sauko wurinki na gaya miki. Ba ki yi kuka a gabana ba, ko da yake Sundus ta ce kin yi bayan na fita. Tambaya ɗaya kika yi mini: "Har yanzu tana ganin launi?" Na ce tana gani. Kika ce, "To ki turo mini ita."

Akwai wani littafin hotuna da babanta ya sayo mata a Jidda. A shafi ɗaya akwai daji mai duhun itatuwa, da jan naman kaza mai farin ɗigo-ɗigo, da wata 'yar mitsitsiyar yarinya mai fukafukai irin na mazari tana zaune a kan reshe. Littafin ya ce aljanar daji ce. Wafa takan manna hancinta a shafin nan ta yi ta kallo. Da kika tambaye ta me take so ki ɗinka mata, shi ta ɗauko. Ta ce, "Sitti, wannan, amma babba." Sitti take ce miki, kamar yadda jikokinki suke kiranki.

Babanta bai yarda ba. Ya ce ba za a rataye sura mai rai a gidansa ba, balle wadda ake kira aljana. Wafa ta ƙi cin abinci. Ni na rasa bayan wanda zan bi. Ke kika hau sama da kanki, kika tsaya daga bayan labule kika ce masa, "Abu Wafa, ni ma ba na ɗinka fuska, kuma ba zan sa aljana a ɗakin yarinya ba. Wannan 'yar daji ce kawai. Zan sa ta juya baya, tana kallon cikin itatuwa. Kitso za a gani da fukafukai." Ya ce zai tambayi malaminsa. Bayan kwana biyu shi da kansa ya kawo yadin, farin lilin mai kauri.

Na ɗauka washegari za ki fara ɗinki. Sai kika ce yarinyar da ba ta taɓa ganin daji ba, ba za ta iya zaɓen korensa ba. Ranar Alhamis Malam Barau ya kwashe mu a a-kori-kurarsa zuwa gonar dabinon da yake kula da ita a Awali. Kin zo da gwangwanin alewar da kike ajiye zare a ciki. Kika zaunar da Wafa a bakin magudanar ruwa, kina ɗora zare a kan ganye ɗaya bayan ɗaya. Ganyen dabino kore ne mai ratsin toka. Na na'ana'a kore shar. Na lemon tsami mai duhu ne mai sheƙi, sabon tohonsa kuma tsanwa. Gansakukar bakin ruwa ta kusa zama baƙa. Wafa ta ce ita a da ta ɗauka kore ɗaya ne. Kika ce, "Duba da kyau, ya binti, kada ki yi sauri." Ta duba har la'asar. Ni ina gefe da kofin shayi, na kasa sha, domin na gane launuka kike tara mata kafin ganin ya tafi.

A kan fukafukai kuka yi musu. Ke kin zaɓi shuɗi mai haske, kin ce shi zai fito a cikin kore. Wafa ta ce ruwan goro take so. Kika ce ruwan goro zai yi ihu a tsakiyar daji. Ta ce ai shi ne idonta yake kamawa da kyau. Kika ɗauke shuɗin kika mayar cikin gwangwani. Daga baya kika ce mini, "Ita za ta riƙe shi a kanta, ba ni ba."

Sai maganar ɗinki. Kin yanke cewa kowane launi da irin ɗinkinsa, yadda yatsa zai gane shi. Gangar itatuwa, ruwan ƙasa, kin yi ta da ɗinkin sarƙa mai kauri, layi kusa da layi, har ta yi kaushi kamar ɓawo. Kore mai duhu kin cike shi a kwance sumul. Tsanwa kin yi ta da ƙananan tsinke masu tashi. Ruwan rafi zaren siliki ne mai santsi da sanyi a hannu. Fukafukan kuma kin yi su da ƙananan ramuka zagaye da zare, irin waɗanda mahaifinki yake yi a hula. Duk sanda kika gama wani sashe sai ki ce wa Wafa ta kalla, sannan ta rufe ido ta shafa, ta faɗi launin. Idan ta kuskure, ba kya cewa laifinta ne. Warwarewa kike yi ki sake. Reshen da yarinyar take zaune a kai har sau uku kika warware shi.

Watanni aikin ya ɗauka, ganin Wafa kuwa yana ta tsukewa. Kika ajiye zanen gadon wata amarya da kika riga kika fara, kika mayar wa uwarta da shi, kika haɗa ta da wata mai surfani a Awali. Matar ta yi fushi, ta daina gaishe ki. Kin ce mata amarya za ta ga zaninta ko baɗi aka gama, wannan kuwa ba zai jira ba.

Ɗigon naman kaza kika ce Wafa ce za ta yi da hannunta. Ƙulli ne, a nannaɗe zare a allura a soke. Ta huda yatsa, jini ya fito, na ce a bari haka nan. Kika dube ni ta saman tabarau kika ce, "Hannatu, in ba za ki iya kallo ba, hau sama ki ɗora girki." Na hau. Ƙullin nata ya fito wani babba wani ƙarami, kika bar su yadda suke.

An gama kafin azumin shekarar. Wafa ta gan shi da idonta, ko da yake sai ta riƙa bin sa kaɗan-kaɗan kamar mai leƙe ta ramin makulli. Kafin ta cika goma sha uku ganin ya tafi, sai bambancin haske da duhu. Yadin yana ɗakinta, an rataye shi ƙasa-ƙasa inda hannu yake kaiwa.

Abin da na fi gode miki a shekarun da suka biyo baya shi ne ba ki taɓa canza mata murya ba. Mutane sukan zo su ce wayyo, su yi mata magana a hankali kamar jaririya. Ke kuwa aike kike tura ta, ki sa ta tsince miki shinkafa, ki yi mata faɗa in ta makara. In an yi mata sabon ɗinki, wurinki take saukowa kafin ta sa, ki gaya mata launinsa da abin da zai tafi da shi. Yau tana da shekara ashirin, tana karatu a kwalejin 'yan mata, tana karanta rubutun makafi da sauri fiye da yadda nake karanta jarida. Malamarta ta farko ta tambaye ni wa ya horar da yatsunta. Na faɗi sunanki.

Ba Wafa kaɗai ba. Da mahaifiyata ta rasu a Zariya ban samu tafiya ba, a falonki aka yi mini zaman makoki, ke kika tara mata kika dafa abinci. Harshenki kuma ba ya raga wa kowa. Kin ce shayina ruwan wanke kofi ne, kuma har kika kwanta ba ki janye ba.

Da ciwon ya same ki shekara biyu da suka wuce, hannun dama ya tafi, magana ta yi nauyi, amma idonki lafiya lau. Ranar Juma'ar ƙarshe mun sauko gaishe ki da Wafa. Ta cire abaya ta zauna a bakin gado. Kika daɗe kina kallonta, sannan da ƙyar kika ce, "Wa ya zaɓa miki gyalen nan?" Ta ce Mama ce. Kika ce, "Shunayya a kan rawaya. Cire." Duk muka yi dariya, har Malam Barau da ke bakin ƙofa. Ita ce magana ta ƙarshe da muka ji daga bakinki.

Ranar da aka fita da ke, Wafa ta jira sai da mata suka watse. Sannan ta ce, "Mama, kowa ce mini yake yi ya yi kyau. Sitti ce kaɗai take gaya mini in bai yi ba." 

Ya Allah, Ka gafarta wa baiwarKa Zinariya, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta Ka cika shi da haske. Ka karɓi aikin hannunta a cikin ayyukan alheri, Ka tashe ta tare da maƙwabtanta na Baƙi'a, Ka sa ta cikin ceton Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi. Malam Barau, Umair, Sundus da sauran dangi na Madina da Makka, ina yi muku ta'aziyya a madadin gidanmu, ko da yake mu ma masu karɓar gaisuwa ne. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen idan ya zo. Amin.

Hannatu Haladu
Aziziya, Madina