Farar Ƙasar Bwana Famau

Famau Lali maƙwabcina ne a Lamu. Ni akawu ne a ofishin tashar jiragen ruwa, shi kuma ƙona dutsen teku yake yi ya fitar da farar ƙasar gini, kamar yadda ubansa ya yi. Hannuwansa duk sun tsattsage. Idan ya ƙona dutsen, sai ya binne garin a rami, damina ta bi ta kansa, wata ma ta bi, kafin ya yarda a ɗiba. Magina na tsokanarsa: "Bwana Famau, ƙasa kake sayarwa ko jira?" Yakan ce, "Mai sauri ya je ya sayi toka."

A garinmu uba ne ke gina wa 'yarsa ɗaki, miji ya tare a wurinta. Famau na da 'ya guda, Somoe. Tun tana ƙarama ya fara ɗora mata bene a kan gidansa, amma duk ƙasar da ta nuna sai ya sayar saboda abinci. Har aka sa ranarta da Shebwana, wani matuƙin jirgin ruwa mai tafiya da iska, benen ba rufi.

Shebwana ya iso da iskar arewa, kuma dole ya tashi da zarar iska ta juya. Ina zaune a dakali muna shan gahawa ya zo gaishe da Famau.

Ya ce, "Baba, mu zauna gidanmu mana kafin a gama. Ɗaki ba ya gudu."

"Gidanku? A ce 'yar Famau mai farar ƙasa ta rasa rufi a Lamu? Kai dai ka iya ɗaure igiya, bar mini gini."

Somoe ta leƙo ta ce, "Baba, ni ko tabarma a soro ta ishe ni."

"Ke koma ciki, ba da ke ake ba."

Washegari Famau ya buɗe ramin da ya cika a wannan shekarar, ya ɗebi rabi. Na tambaye shi ko ta nuna. Ya ce, "Malam akawu, kai da alƙalami ne." Bai dube ni ba. Aka jera azara, aka ɗora dutse, aka shafe. An yi biki, an ci shinkafa da kwakwa, benen fari tas.

Shebwana ya tashi da iskar kudu. Ruwa ya sauko, ya yi ta zuba. Ƙasar ta jiƙe ta saki duwatsun. Rufin ya faɗo wata ranar Laraba da hantsi, Somoe na kwance tana fama da laulayin ciki. Da hannu Famau ya tono ta. Ta cika kafin azahar.

Famau bai ƙara hura wutar ƙona dutse ba. Bayan damina biyu ya buɗe sauran ramin. Magina sun ce ba su taɓa ganin ƙasa mai kyanta ba, suka yi ta taya. Ya hana. Ya kwashe ta a kwando, shi kaɗai, ya gina kabarin Somoe ya shafe. Har yau bai tsage ba.