Barcin Daƙiƙa Huɗu

Da asuba Injiniya yana tsugune a kicin, kwamfuta a kan kujera 'yar tsuguno, yana danna maɓalli yana ƙirga daƙiƙoƙi da baki. Matarsa ta tsallake ƙafarsa ta ɗora ruwan zafi, ta ce in ƙirga yake so, ga yara uku can ba wanda ya tashi.

Ba injiniya ba ne, shi ma ya sani. Ma'aikatan kamfanin sabulu ne suka laƙaba masa sunan shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ranar da ya gyara kwamfutar ofis da mayar da wayar wutar da ta zare. Rubuta manhaja a tsaitsaye ya koya, kuma yakan ce rabin iliminsa kuskure ne da bai kai ga fashewa ba tukuna.

Wanda ya fashe shi ne na injin da ke buga 'yan takardun da ake liƙa wa kwalayen sabulu. Injin ya tsufa, in aka tura masa takardu a jere sai ya tauna su, dole a ba shi daƙiƙa huɗu tsakanin wannan da waccan. Injiniya ya bi gajeriyar hanya, ya rubuta layi ɗaya da ke ce wa manhajar ta yi barci na daƙiƙa huɗu. Ta kuwa bi umarni. Amma mai barci ba ya amsa kira. Takarda hamsin, fiye da minti uku ke nan allo ya yi fari fat, ko tsayar da aikin ba a iyawa. Dannawar da aka yi mata tana barci kuma ba ta ɓacewa, tana farkawa za ta bi su ɗaya bayan ɗaya.

Mai zama a teburin injin kuwa Yaya ce, yayar matarsa, shi ya samo mata aikin bayan rasuwar mijinta. In ta ga allo ya ƙame sai ta sake dannawa, ta ƙara, kamar mai buga ƙofar kurma, hamsin ta koma ɗari biyu. Gargaɗi biyu manaja ya rubuta mata. Jiya ya ce hannunta ba na kwamfuta ba ne, aka sake ɓata takarda za ta koma gida. Injiniya yana wurin, ya duƙa yana duba wata waya da ba abin da ya same ta.

Gyaran bai ci minti arba'in ba, abin da ya fi ƙona masa rai ke nan. Ya cire barcin ya sa agogo: manhaja ta tura takarda, ta saita agogon, ta dawo tana sauraron mai aiki, agogon ya buga ta tura ta gaba. Ya kulle maɓallin bugawa har aiki ya ƙare, ya ƙara wani na tsayarwa. Ya ɗago ya ga matarsa tana shara ruwa na kan wuta. Ita ba ta taɓa tsayawa kallon tukunya ba, shi kuwa sai da ya yi wata biyar.

A hanya ya lissafa cewa in ya ɗora gyaran a ɓoye, ba mai sani. Manaja zai ce gargaɗinsa ya yi amfani, Yaya ta ci gaba da zama mai mugun hannu, shi kuma ya ci gaba da zama Injiniya. Shawarar ta yi masa daɗi har bakin ƙofar kamfani.

“Injiniyan gidanmu, ka zo ganin yadda nake kashe maka kwamfuta?” in ji Yaya.

Ya ce ta ɗan tashi. Ya kira manaja, ya roƙe shi ya zauna ya buga hamsin da tsohuwar manhajar. Manaja ya danna, allo ya yi fari. Ya jira kaɗan, ya yi tsaki, ya sake dannawa, ya ƙara. Injin ya yi ta aman takarda har ƙasa.

“Ranka ya daɗe, hannun Yaya lafiyarsa lau. Ni na rubuta ta haka.”

Manaja ya aika aka kawo takardun gargaɗin Yaya ya yage, ya ce a rubuta ɗaya da sunan Injiniya, na gaskiyar. Yaya ta tambaye shi ko layi ɗaya ne ya sa ta wata biyar tana zargin hannunta. Ya ce layi ɗaya ne, gajere ma.

Ya ɗora sabuwar, ta buga hamsin ta tsaya a hamsin. Ganin ƙarshe da aka yi masa ranar, yana durƙushe a gindin teburin da almakashi, yana tsince takardun da za su moru yana jera mata a kwali.